Yaronku Yana So Ya Koyi Walda?

Kowace shekara, sa'ad da yara suka gama makaranta, iyaye sukan zo wurinmu su ce, "Malam, yaron nan ya nace sai walda. Me kuka gani?" Mukan ce sana'a ce mai kyau ƙwarai. Ƙofa, taga, gado, amalanke, bencin makaranta, duk daga hannun mai walda suke fitowa, kuma babu garin da ba a nemansa. Wanda ya taɓa zagaya Panteka a Kaduna ya ga yawan gidajen da ƙarfe ke ciyarwa. Amma mukan ƙara da tambaya guda: kun je kun ga shagon da idonku?

Dalilin tambayar ke nan. Wani yaro da muka koyar ya fara koyon walda a bakin hanya. Bai yi mako biyu ba, sai mahaifiyarsa ta aiko mana da sassafe, wai yaron ya kwana yana kuka, idanunsa sun yi ja wur, yana cewa kamar an zuba masa yashi. Da muka bincika, ashe baƙin tabarau na rana aka ba shi, irin na 'yan gaye, aka ce ya isa. Wani lokaci ma rufe ido kawai yake yi ya kau da kai.

Wutar walda ba kamar ta murhu ba ce. Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500 na ma'aunin Salsiyos, wutar da ke tsakanin sandar walda da ƙarfe kuwa ta ninka wannan fiye da sau biyu. Tare da hasken da muke gani, tana fitar da wani haske wanda ido ba ya gani, shi ne ke ƙona fatar ƙwayar ido. Mugun abin shi ne ba a jin zafin nan take. Sai bayan sa'a 6 zuwa 12, yawanci da tsakar dare, ciwon ya taso. Galibi yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake raina shi. Amma wanda ya mai da abin al'ada yana jawo wa kansa yanar ido tun da sauran ƙuruciyarsa. In ya faru, a sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido a rufe, kada a murza, kada a ɗiga nono ko ruwan ganye, a kai yaron asibiti, gama mai yiwuwa akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki.

Saboda haka kayan aiki na fari da uba zai saya wa ɗansa ba inji ba ne, garkuwar fuska ce mai baƙin gilashi na walda. Ku duba gefen gilashin, za ku ga lamba. Domin aikin ƙofa da taga, lamba 10 ko 11 ake so. A gabansa akan sa farin gilashi mai araha domin tartsatsi ya ci shi maimakon baƙin. Garkuwar da ake ɗaurawa a ka ta fi ta riƙewa a hannu, domin tana barin hannu biyu su yi aiki. Yanzu akwai wadda gilashinta ke yin duhu da kansa da zarar wuta ta kama. A haɗa da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe, da riga mai dogon hannu ta auduga. Rigar leda, irin ta 'yan ƙwallo, narkewa take yi ta manne a jiki.

Sa'an nan mu zo ga inji. Iri biyu aka fi gani. Akwai tsohon yayi mai nauyi, wanda ake naɗa waya a cikinsa, har ma akan naɗa shi a gida. Yana da juriya, amma yana shan wuta, kuma na gida sau da yawa wayoyinsa a tsirara suke, abin tsoro ne inda yara ke wasa. Akwai kuma ƙaramin na zamani da ake kira inbata, wanda yaro zai rataya a kafaɗa. Ba ya shan wuta kamar wancan, sanda kuma ba ta cika maƙalewa da shi ba, sai dai ba ya son ƙura da ruwa, in ya lalace kuwa gyaransa sai gwani. A jikin kowane inji na kirki akwai rubutu mai nuna ƙarfinsa. In kun ga kashi 60 cikin 100 kusa da wani adadin amfiya, ma'anarsa a wannan ƙarfin zai yi aiki minti 6 cikin kowane minti 10, ya huta minti 4. Rashin sanin wannan ya ƙona injuna da yawa. Kada kuma wani ya yi walda a tsaye cikin ruwa ko da jiƙaƙƙen hannu. Wutar da ke bakin mariƙi kafin a fara aiki takan kai bolt 50 zuwa 80, a jiƙaƙƙen jiki kuwa wannan ya isa ya kashe.

Sandar walda ita ma tana da karatu. Garin da aka shafe ta da shi ba ado ba ne. Wani mutumin Suwidin mai suna Oscar Kjellberg ne ya fito da dabarar a 1907. Sa'ad da garin ya ƙone yakan kare narkakken ƙarfe daga iska, ya kuma bar ɓawo a kansa har ya huce. A gindin sanda akwai lamba. Wadda aka fi samu a kasuwanninmu ita ce 6013, mai sauƙin kamawa, ta dace da mai koyo da ƙarfe marar kauri. Domin abin da zai ɗauki nauyi sosai akan nemi 7018, amma ita ba ta shiri da laima ko kaɗan. Da damina a ajiye sanduna cikin gwangwani mai murfi. Sanda mai kaurin milimita 2.5, wadda ake ce wa geji 12, tana son amfiya wajen 60 zuwa 90. Mai milimita 3.2, geji 10, wajen 90 zuwa 130.

Mun koyi darajar hannu mai kyau ta wurin hasara. An taɓa yi mana bencuna a makaranta, aka shafe su da fenti suna ƙyalli. Kafin zango ya ƙare ƙafafu sun fara ficewa. Da muka kankare fentin, sai ga walda ɗigo-ɗigo kamar kashin awaki, ta zauna a kan ƙarfe ba ta shiga ciki ba. Mai aikin ya sa wuta kaɗan, bai kuma goge tsatsa ba.

Gwanaye sukan fara da goge wurin har ƙarfe ya yi fari. Sai su ɗana ɗigo biyu ko uku, su gwada da sikwaya, gama zafi yana jan ƙarfe ya karkace. Sanda akan kama ta kamar yadda ake ƙyasta ashana. Tazarar bakinta da ƙarfe kada ta wuce kaurin sandar kanta, a ɗan karkata ta wajen da ake tafiya, a ja ta a hankali. Ido ya kasance a kan narkakken ƙarfen da ke biyo bayan sanda, ba a kan hasken ba. Kunne ma yana aiki: in kome ya daidaita, ƙarar takan yi kamar ana toya ƙosai. Wuta in ta yi kaɗan sanda ta yi ta maƙalewa, in ta yi yawa sai tartsatsi da huda. Bayan an gama a ƙwanƙwashe ɓawon da guduma mai tsini, a bi da buroshin waya, da farin tabarau a ido, domin ɓawon yana tsalle da zafinsa.

Injin yanka mai faifai shi ma yakan jikkata masu koyo. Ƙaramin yana juyawa wajen sau 11,000 a minti guda. Da yawa sukan cire murfin kariyarsa domin su sa babban faifai. In kun ga haka a shago, ku nemi wani shagon. Faifan yanka na yanka ne kaɗai, in aka goga shi ta gefe yakan fashe.

Hayaƙi kuma fa? A 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Ƙarfe mai shafen tutiya, irin na bututun ruwa, hayaƙinsa fari yakan kawo zazzaɓi da dare har a ɗauka na cizon sauro ne. A yi aiki inda iska ke ratsawa, a kau da fuska daga hayaƙin. Shan madara ba ya hana kome.

Abu guda muke so kowane uba ya faɗa wa ɗansa da bakinsa: kada ya kusanci tankin mota ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur da wuta, ko da an ce babu kome a ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa, ɗauraya da ruwa kuma ba ta fitar da shi duka. Ko maigidansa ne ya aike shi, ya ba da haƙuri ya ƙi. Haka kuma inda ake walda da gas, mai ko giris kada ya taɓa bakin tulun iskar oksijin.

In yaro ya yi shekarunsa ya ƙware, ku taimake shi ya sami takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a, daga aji na 3 zuwa na 2 zuwa na 1, akwai kuma jarrabawar NABTEB ga waɗanda suka bi ta makarantun fasaha. Kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata sukan tambayi takardar kafin su miƙa wa mutum mariƙi su ce ya gwada.