Tanki ɗaya, kilomita nawa? Lissafin motar da ke haɗa fetur da lantarki

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, kuɗin fetur ya shiga sahun manyan abubuwan da ke cin aljihun iyayenmu, kafaɗa da kafaɗa da cefane da kuɗin makaranta. Shi ya sa masu neman mota suka koma tambayar kilomita nawa za ta yi kafin a sake shiga gidan mai. A wannan makon mun ɗauko motar da ake yawan ambata idan ana wannan zance, wato haibirid, domin mu yi lissafinta tare da ku.

Inji biyu a mota ɗaya

Haibirid tana da injin fetur irin na kowace mota, ga kuma injin lantarki da babban batir. Kamfanin Toyota na Japan ne ya fara ƙera irinta da yawa don kasuwa, lokacin da ya fito da Prius a 1997. Irin wadda muke magana a kai ba a jona ta da wutar gida, don haka ɗauke wuta bai dame ta ba. Tana caja batirinta da kanta tana tafe.

Ku tuna darasin Fiziks: makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Idan direban mota ta yau da kullum ya taka birki, ƙarfin gudun da aka ƙona fetur aka samu yakan zama zafi a jikin birki, iska ta kwashe. A haibirid kuwa, injin lantarki ne ke rikiɗewa ya zama janareto, ya rage gudun motar, ya mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir. Idan aka tsaya a danja, injin fetur yakan mutu da kansa. Da an tashi, lantarkin da aka tara ne ke fara tura motar.

Mu ɗauki biro

Mu gwada Toyota Camry samfurin LE ta 2018, wadda aka yi ta iri biyu. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, mai fetur zalla tana yin kimanin kilomita 12 da lita ɗaya a cikin gari, 16.6 a babbar hanya. Haibirid ɗinta tana yin kusan kilomita 22 a cikin gari, 22.5 a babbar hanya. Amurkawa da mil da galan suke auno. Idan kun ga adadinsu, ku ninka shi da 0.425, zai ba ku kilomita a lita.

Nisan tanki ɗaya shi ne girman tanki sau kilomitar da lita ɗaya ke yi. Tankin mai fetur zalla yana cin lita 60, na haibirid lita 50. A cikin gari, ta farko za ta yi 60 × 12, wato kilomita 720. Ta biyu za ta yi 50 × 22, wato 1,100, duk da tankinta ya fi ƙanƙanta. A babbar hanya kuwa, ta farko ta kusa kilomita 1,000, ta biyu 1,125.

Kun ga tazarar ta tsuke. Dalili shi ne a doguwar tafiya ba a cika taka birki ba, injin fetur kuma ba ya samun hutu. Ribar haibirid tana cikin cunkoso ne, irin na kewayen Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, inda ake tafiya ana tsayawa.

Mu mayar da shi kuɗi. Magidancin da ke yin kilomita 1,000 a wata a cikin gari zai sha lita 83 da ta farko, lita 45 da ta biyu. Ya tsira da lita 38. Idan mun ƙaddara lita a naira 1,000, ya adana naira 38,000 a wata, 456,000 a shekara.

Takarda daban, titi daban

Waɗancan alƙaluma an same su ne a ɗakin gwaji, da sabuwar mota. Titinmu zai zaftare su. Na'urar sanyaya mota a zafin Afrilu tana cin makamashi. Tayar da iskarta ta ragu da kayan da aka lafta a but suna ƙara shan mai. Gudu ma haka, domin idan an ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu. Kuma ba wanda ke jira tanki ya ƙafe ƙarƙaf, saboda haka ku cire 'yan litoci daga lissafi.

Yawancin motocin da ke shigo mana na hannu ne, batirin haibirid kuma yana rauni da shekaru da zafi. Yana da fankar da ke zuƙo masa iska daga cikin mota ta wata kafa kusa da kujerar baya. Idan ƙurar hunturu ta toshe ta, batir zai yi zafi, injin fetur ya ɗauke yawancin aikin, ribar ta ragu. Sauya batirin yana da tsada, don haka mai saye ya nemi makanikin da ya san haibirid ya auna shi kafin a biya kuɗi. Wayoyi masu launin lemo da ke jikinta na ɗauke da wutar da ke iya kisa. Kada ku taɓa su.

Aikin gida

Kuna iya auna kowace mota da ke gidanku. Ku roƙi Baba ko Yaya ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ku rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. Ranar da aka sake cikawa, ku rubuta sabuwar lambar da litar da aka zuba. Ku ɗebe tsohuwar lamba daga sabuwa, ku raba da litar. Misali, kilomita 360 da lita 40 sun ba da kilomita 9 a lita.

Ku maimaita sau uku ku fitar da matsakaici. Daga nan a daidaita iskar taya, a sauke kayan da ba a buƙata daga but, ku sake aunawa, sannan ku nuna wa mai motar bambancin a naira.