Baƙin Kaka: Abin Da Tsuntsaye Ke Faɗa Wa Mai Fataucin Shanu

Duk wanda ya fito daga unguwar Bololo da sassafe a watan Oktoba, ya gangara bakin kogin Shari inda ake hango Kusuri ta ƙasar Kamaru, zai lura sararin sama ya sake. Shamuwar da ta kwana a bishiyoyinmu tun farkon damina ta tattara ta nufi kudancin Afirka. Balbela kam tana nan, ba ta rabuwa da gindin saniya. Amma ga waɗansu baƙi sun sauka, waɗanda ba mu gan su ba tun kafin faɗuwar ruwa.

Akwai ƙananan agwagin ruwa masu tashi garke-garke, suna cuɗanya da ɗinya da kirinjijiya da muka saba gani. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da yawan kaɗa wutsiya, wanda ke bin ƙafafun shanu yana tsintar ƙwarin da suka tayar. Sai kuma babbar farar shamuwa mai jan baki da jajayen ƙafafu, wadda ta fi tamu girma. Dukansu daga Turai da Rasha suke, sanyi ne ya koro su. Masu bincike a Jamus sun sha ɗaura wa farar shamuwar nan na'ura, suka bi sawunta ta Turkiyya da Masar da Sudan har cikin Cadi. Fari da ƙwari ne abincinta, don haka manomi ba ya asara da zuwanta.

To, wani zai ce, mu da shanu ne sana'armu, ina ruwanmu da tsuntsu? Ruwanmu kuwa shi ne ruwa. Waɗannan baƙi sukan iso ne daidai lokacin da Shari da Logon ke cika, wato ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, su malala cikin fadamu. Inda ruwa ya kwanta nan suke sauka, nan ne kuma ciyawar rani za ta fito idan ya janye. Tsuntsu da saniya mashaya ɗaya gare su.

Tarihi ya nuna haka. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke yin hunturu a ƙasashenmu, fiye da rabinsa bai koma ba. Daga baya aka gane ƙarancin ruwan 1968 a yankin Sahel ne ya halaka su. Shekaru kaɗan bayan nan sai ga farin 1973, wanda dattawanmu ba sa son tunawa, lokacin da aka riƙa sayar da sa a kuɗin akuya. Aka sake shan irinsa a 1984. Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963 ya ƙanƙance ƙwarai a shekarun nan. Ashe tsuntsu ya riga mu jin labari.

Ga wani misalin a maƙwabta. Da aka gina dam ɗin Maga a Kamaru a 1979, ambaliyar Logon ta ragu a fadamun wajen Waza, ciyawa ta mutu, makiyaya da masunta suka watse. Da aka buɗe wa ruwa hanya a 1994, ciyawa ta farfaɗo, shanu suka dawo, tsuntsaye ma suka dawo. Shi ya sa ba mu ɗauki sanya tafkin Fitri cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1990 a matsayin maganar Turawa kaɗai ba. Kiwonmu ake karewa.

Saboda haka muna ba 'yan ƙungiya shawara. Idan yaranku masu kora sun dawo daga Masaget ko Durbali, ko daga hanyar Fotokol zuwa Gamboru, kada tambayar ta tsaya kan farashi da kuɗin hanya. A tambaye su, "Kai, ina kuka ga agwagi sun yi yawa? Wane tafki kuka tarar shiru?" Tafkin da babu tsuntsu a kansa a Nuwamba, da wuya ya kai garke watan Maris. Wanda ya san haka zai san ko ya riƙe shanu ko ya sallama da wuri. Ba duba ba ne, lura ce, gaibu kuwa sai Allah.

Sannan a ja kunnen yara su daina zuba magani a gawar dabba ko a bakin mashaya, don ungulu da shamuwa ke fara mutuwa, ruwan kuma namu ne. Wanda ya tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa wuri guda kada ya taɓa, ya sanar da malaman dabbobi, don ba mu manta murar tsuntsaye ta 2006 a Nijeriya da Nijar ba.

Allah Ya ba mu rani mai sauƙi, Ya sa albarka a kasuwa, amin.