Yadda Ingila da Faransa Suka Raba Ƙasar Hausa

Unguwar Shahuci tana cikin ganuwar Kano, ba nisa da Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi. A ƙarni na 19, daga wannan kasuwa ayari kan ɗauki turkuɗi da jemammiyar fata, ya bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus. Wannan ciniki, da yawan jama'a, da hanyar zuwa Tafkin Chadi, su suka sa Ingila da Faransa suka zuba wa ƙasar Hausa ido.

Kowacce tana son kaso mai tsoka, amma ba wadda ke son yaƙi da 'yar'uwarta. Saboda haka a 1890 suka ja layi a taswira daga Sayi, a bakin Kogin Kwara, zuwa Barruwa, a gaɓar Tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Ba a tuntuɓi Sarkin Musulmi ba, balle Sarkin Kano. A 1898 aka sake shata iyakar, Ingila ta samu da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransa ta ci Damagaram a 1899, sai ta tarar hanyar da aka bar mata daga Kwara zuwa can hamada ce mai ƙarancin rijiyoyi. Ita kuwa Ingila ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris.

Ciniki ne ya warware rigimar rijiyoyin. A yarjejeniyar 1904 Faransa ta saki haƙƙinta na gaɓar kamun kifi a Newfoundland, can Arewacin Amurka, Ingila kuma ta yarda a matso da iyaka kudu. Haka Birnin Ƙonni da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, aka raba Katsinawa da Gobirawa gida biyu.

Da zarar masu ƙasa sun yunƙura, sai kishiyoyin su haɗa kai. Lokacin da Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a ƙarshen 1916, Ingila ta tura sojoji daga Najeriya don su taimaka musu. Kafin nan ma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya juya akalar ciniki daga Sahara zuwa Ikko. A 1928 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Shahuci ƙarƙashin tsarin Ingila, yayin da 'yan makarantar bokon Damagaram ke koyon Faransanci.

Takarar ba ta ƙare ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sojojin Faransa sun fice, na Amurka suka bi su a 2024, na Rasha suka shigo. Da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin, fataken Kano da Maraɗi da masu sayen kayansu ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Manyan ƙasashe maslaharsu suke aunawa, a faɗa ko a sulhu. Wajibi ne Najeriya da Nijar su riƙa auna tasu tare, tun kafin baƙo ya auna musu.