Abin da ya kamata a fara sa wa sabon hujin kunne

A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, 'ya mace ba ta daɗewa a duniya ba a huda mata kunne ba. Ungozoma ko wata dattijuwa a gida ta ɗauki allura da zare, ta huda, ta ƙulle zaren, a riƙa shafa man shanu ko man kaɗanya. Bayan 'yan kwanaki a yanke zaren, uba ko goggo ta sayo barima wajen ɗan koli ranar kasuwar Kwanar Dangora, a maƙala wa jaririya. Ana duba kyanta da kuɗinta. Ba kasafai ake tambayar da wane ƙarfe aka yi ta ba, alhali a nan matsalar take.

Sabon huji ciwo ne buɗaɗɗe. Fatar kunne kan ɗauki sati 6 zuwa 8 kafin ta warke. Hujin hanci da na guringuntsin saman kunne, wanda 'yan mata ke yayi yanzu, sukan ɗauki watanni. Duk tsawon lokacin nan ƙarfen yana zaune cikin ɗanyen nama, gumi da ruwan ciwo suna narkar da shi kaɗan-kaɗan.

Yawancin 'yan kunnen da muke kira fashan tagulla ce ko wani gamin ƙarfe mai araha da aka yi wa ruwan zinare, kuma sau da yawa akwai nikel a ƙarƙashin ruwan. Idan nikel ya shiga jiki ta ciwo, jikin wasu yakan ɗauke shi abokin gaba, kuma ba ya sake mantawa. Shi ya sa za ka ji mace ta girma tana cewa, "Ni kunnena ba ya son fashan," ƙawaye su yi mata tsiya wai kunnen masu kuɗi gare ta. Ba iyayi ba ne. Da ta sa na kwana ɗaya sai ƙaiƙayi, bayan kunnen ya yi ja, ya fara tsatsafar ruwa, ya yi ɓawo. Wata har bayan agogo ko maɓallin ƙarfe sai ya tayar mata da ƙuraje. Tun 1994 Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita nikel a kayan ado, ta fi tsananta ta a kan abin da ake zurawa cikin huji. Kayan da ke zube a faifan ɗan koli ba su zo da wata takardar shaida ba.

Akwai kuma dalma, wadda ake samu a wasu kayan ado masu arha. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. A 2006 wani yaro ɗan shekara 4 ya mutu a jihar Minesota ta Amurka bayan ya haɗiye wani ɗan abin ado mai dalma. Jariri kuwa duk abin da ya faɗo hannunsa baki yake kai shi.

To me za a sa? Zinare na gaske shi ne mafi sauƙin samu a wajenmu. A duba hatimin da ke jikinsa: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Hatimi ma ana buga na jabu, don haka a saya wajen mai zinaren da zai auna a gabanka, ya kuma yarda ya karɓa in ka dawo da shi. Maganaɗisu ba ya raba gardama, domin tagulla ma ba ta kama shi. Titaniyom shi ne wanda masana suka fi yabawa, sai dai a manyan birane ake dacewa da shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa irin na kayan tiyata yana yi wa yawancin mutane daidai, amma akwai nikel a cikinsa. Azurfa, duk da darajarta wajen maƙeranmu, ta jira sai huji ya warke, don tana yin baƙi, wani lokaci ta bar tabo a fata.

Na san za a ce zinare ya yi tsada. Amma barimar jaririya ba ta kai nauyin komai ba, kuma gidan da ya iya ɗinka ankon suna zai iya rage wani abu ya saye ta. A ganina ta fi rabin kayan barka amfani.

Allura kuma ta zama sabuwa, ɗaya ga mutum ɗaya, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Gara a je asibiti ma'aikaciyar jinya ta huda. Kada a shafa kananzir ko toka; ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri, ya isa wanki. In an ga mugunya, kumburi ko zazzaɓi, a kai yarinyar asibiti, musamman idan a guringuntsi ne, don shi yana iya lalacewa kunne ya tauye. Dangin da aka san ciwonsu na warkewa da tudun nama mai tauri su haƙura da huji na biyu da na uku, domin irin wannan tsiro ko an yanke shi yakan dawo.