Giɓin Ilimi da Giɓin Samu a Karkarar Wudil

Ƙaramar Hukumar Wudil, wadda Lajawa ke ɗaya daga cikin mazaɓunta, tana da manyan makarantu biyu da ƙananan hukumomi da dama a Arewa ba su da kamarsu, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano da aka buɗe a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, da makarantar horas da jami'an 'yan sanda da ke bayar da digiri. Sai dai kusancin gine-ginen bai rage wa ɗan manomin ƙauye nisan tafiya ba, domin kafin ya zauna a ajin jami'a sai ya yi shekara shida a firamare da shida a sakandare, ya ci darussa biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, sannan ya tsallake ta JAMB, kuma a kowane mataki ana zubar da yara, mafi yawansu 'ya'yan gidajen da samunsu bai taka kara ya karya ba.

Abin da masana tattalin arziki ke kira giɓin samu shi ne ratar da ke tsakanin kuɗin da rukunin mutane biyu ke samu daga aikinsu, kamar maza da mata ko mutanen birni da na ƙauye, giɓin ilimi kuwa ratar da ke tsakaninsu ce a shekarun karatu da abin da suka fito da shi daga aji. Kowanne yana haifar da ɗan'uwansa, kuma tushensu a ƙasar Kano ya daɗe. Makarantar boko da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta fara ne da malamai da 'ya'yan sarakuna, makarantar mata kuwa sai a 1930 ta iso Kano da Katsina. Daga baya an yi shirin UPE na ilimin firamare ga kowa a 1976, aka yi dokar UBE a 2004 wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan ta kafa dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024. Duk da haka, Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, galibinsu a Arewa.

Dalilin da ya sa soke kuɗin makaranta bai wadatar ba shi ne, tsadar karatu a gidan talaka ta haɗa da abin da gidan ke rasawa a duk sa'ar da yaro yake zaune a aji. Da damina ana buƙatar hannun yaro a shuka da noman fari da maimai, da kaka a girbi da ɗaurin dami, ranar Juma'a kuma karar Wudil tana cike da shanu da 'yan ayyukan kora da dako da ke ba matashi kuɗi a hannu kafin faɗuwar rana. Lamarin yarinya ya fi wannan sarƙaƙiya. Matar aure da ke cikin kulle tana sana'arta a tsakar gida, ta soya awara ko ƙosai, ta yi ƙuli-ƙuli da ɗanwake, amma 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa da tasha. Yarinyar takan ɗauki faranti da hantsi, daidai lokacin da ake darasin lissafi, ta dawo da ciniki a ƙulle a bakin mayafi, uwar ta ware na cefane ta zuba saura a adashi, kuma daga wannan adashin ne gado da katifa da kwanukan jere za su fito ranar da za a kai ta ɗakin miji. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin ayyukan yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara a kan tallar yara. Don haka zargin irin wannan uwa da ƙin ilimi rashin adalci ne, tun da lissafinta, a ma'aunin abin da take gani a gabanta, daidai yake.

A ɓangaren albashi ma ratar a fili take. An ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, jihar Kano kuma ta amince da 71,000, amma dokar ba ta hau kan wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka ma aikin gona na lokaci-lokaci da aikin jinga. Ke nan ɗan ƙwadago a gona, da matar da ke surfe ko ɗinkin hula ana biyanta a kan kowace hula, suna wajen inuwar dokar, alhali mashigar aikin albashi takardar shaida ce. Wannan ya shafi har alaramman da ya haddace Alƙur'ani a tsangaya, yake karatu da rubutu da ajami, wanda iliminsa mai zurfi ne amma ba shi da takardar da ofis ke nema. Claudia Goldin, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa a Amurka ratar albashin maza da mata takan buɗe ne bayan haihuwar fari. A ƙauyukan Kano kuwa takan buɗe tun ranar da aka cire yarinya daga aji.

Akwai kuma wata da'ira da ba a cika lura da ita ba. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, kuma garin da 'yan matansa ba sa gama sakandare ba zai samar da malamai mata daga cikinsa ba, waɗanda ake turowa daga birni kuma kuɗin mota na cinye musu albashi har su nemi canjin wurin aiki. Iyaye da yawa kuwa ba sa sakin jiki su bar budurwa a makarantar da duk malamanta maza ne, balle idan sai ta yi tafiya mai nisa zuwa wani gari.

Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da rancen dala miliyan 500, Kano kuma tana cikin jihohi bakwai na farko, ya gane lissafin uwa da matsalar nisan makaranta, shi ya sa ya haɗa gina azuzuwan sakandare kusa da gida da bai wa iyaye mata tallafin kuɗi bisa sharaɗin 'yarsu tana zuwa makaranta. Tasirinsa a gari irin Lajawa ya rataya a kan ko tallafin zai kusanci abin da farantin talla ke kawowa a zango guda, da ko zai riƙa isowa a kan kari, da kuma ko kasafin jiha zai ɗauki nauyinsa bayan wa'adin rancen ya ƙare.