Amfani da Tsofaffin Kaya Wajen Ƙananan Gine-ginen Cikin Gida a Lafagu ta Ƙasar Bagudo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda magidanci yake iya tayar da ƙananan gine-gine a cikin gidansa da hannunsa, ta hanyar amfani da kayan da aka riga aka mora aka yar. Gine-ginen da muke nufi su ne irin su madafa da rumfa da akurki da rumbu da katangar makewayi, watau waɗanda ba a kan jira a tara kuɗin birkila kafin a yi su. Mun zaɓi Lafagu ta zama madubinmu. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a masarautar Gwandu. Wannan yanki ne Kogin Kwara yake ratsawa bayan shigowarsa Nijeriya, kuma ya yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta yamma.

Abu biyu suka sa wannan magana ta zama wajibi a nan. Na farko shi ne ruwa. A shekarar 2012, da kuma shekarar 2020, ambaliya ta cinye gonakin shinkafa ta kuma rushe gidaje masu yawa a Jihar Kebbi, ƙasar Bagudo kuwa tana cikin waɗanda abin ya shafa. Na biyu shi ne tsada. Siminti da kwano da katako duk daga nesa suke zuwa, kuɗin mota kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Manomin da ruwa ya ci wa gona da ɗaki a shekara guda ba shi da zaɓi sai ya koma ga abin da ya rage a kangonsa. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tsohon kaya yana biyan bukata in an san inda ya dace a sa shi, da kuma wanda ya kamata a ƙi ko da kyauta aka bayar.

2.0 Asalin Al'adar

Kada a ɗauka zamani ne ya kawo wannan dabara. In muka lura da ginin gargajiya na Hausa za mu ga cewa yawancin sinadaransa ragowar wasu sana'o'i ne. Makuba, wadda ake yaɓe da ita don kare bango daga ruwa, daga ɓawon ɗorawa ake samunta, bayan an cire gari an kuma ware kalwa don daddawa. Laso, watau simintin gargajiya, ana haɗa shi ne da katsi, wanda ake kwasowa daga ƙarƙashin karofin marina, da gashin jima da majema suka kankare daga fatu, da kuma yauƙin dafara. Haka nan tsingaron fasassun tukwane yakan shiga daɓe, tattakar dabbobi da ɓuntun shinkafa kuma su shiga kwaɓin ƙasa.

Ita kanta ƙasar bango ba ta mutuwa. In ɗaki ya faɗi akan farfasa ta, a jiƙa, a ƙara mata ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, sa'an nan a sake buga tubali da ita. Sai dai ta can gindin bango, wadda ta daɗe tana shan damshi da gishirin ƙasa, gara a kai ta gona. Azara ma haka take. Ana tsaga ta ne daga giginya, gara ba ta cika samun sa'arta ba, saboda haka azarar da kaka ya rufa soro da ita takan kai ga jika. Da yake giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma haƙar muruci tana rage masu tasowa, darajar tsohuwar azara sai ƙaruwa take yi. A nan maganar Hausawa ta tabbata, cewa da tsohuwar zuma ake magani.

3.0 Ƙafar Gini

Ruwa ta wuri biyu yake cin ginin ƙasa, ta ƙafa da ta ka. Tsakiyar bango ba ta cika zama mafarin ɓarna ba. Saboda haka duk wani abu mai ƙarfi da magidanci ya samu, wajibi ne ya fara tunanin waɗannan wurare biyu kafin ya yi tunanin ado.

Ta ƙafa, ruwan da ya kwanta a tsakar gida yakan tsuma gindin bango, ƙasa ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta, sai bango ya zauna ko ya kife. Ruwan da ke zubowa daga rufi kuma yana fantsama yana zaizayar gindin a hankali. Maganin wannan shi ne a yi harsashi da abin da ruwa ba ya narkarwa, kamar duwatsu da marmara da fasassun bulo na tsohon gini, a ɗaga shi kamar kamu ɗaya a kan ƙasa kafin a aza tubali na farko. In an samu tsohon tamfol ko leda mai kauri, a shimfiɗa tsakanin harsashin da tubalin, domin ta tare damshin da ke hawowa daga ƙasa. Dakalin da ake yi a jikin bango, ban da wurin zama, garkuwa ce ga gindinsa, kuma gyaransa ya fi gyaran bango sauƙi.

Tsohuwar tayar mota tana da amfani a nan. In aka cika ta da ƙasa aka kirɓe sosai, takan zama matashi mai ƙarfi a ƙarƙashin rumbu ko akurki ko ginshiƙin rumfa. Sharaɗin kawai shi ne a cika ta fal, don tayar da aka bari da rami ruwa take tarawa, sauro kuma ya samu wurin ƙyanƙyasa a tsakiyar gida.

Lalle ne mu faɗi iyakar wannan dabara. Tana maganin ruwan sama da ruwan da ya kwanta na yini guda. Amma ambaliyar da za ta kai ƙugu ta yi kwanaki a tsaye, babu harsashin tsintuwa da zai tare ta. Wanda gidansa yake bakin fadama, abin da ya fi masa shi ne ya kai rumbunsa tudu.

4.0 Kan Gini

Ta ka kuwa, tsohon kwano shi ne ya fi kowane kaya farin jini. Kafin a saya a ɗaga shi sama a dubi rana ta cikinsa. Hujin tsohuwar ƙusa ana iya toshe shi da kwalta, amma wanda tsatsa ta cinye har yana ɓarɓashi ya tashi daga kayan rufi, sai dai a yi danga da shi. Wajen bugawa, ƙusa a kan tudun kwano take shiga, domin kwarinsa hanyar ruwa ce. A kuma bar bakinsa ya zarce bango da kamar kamu ɗaya, don ruwa ya zuba nesa da gindi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a aza kwano a danne da duwatsu a ce an gama. Iskar farkon damina tana shiga ta ƙarƙashi ne ta ɗaga rufin gaba ɗaya, dutsen da aka danne da shi kuma ya zama abin tsoro ga na cikin ɗakin. Abin da ya dace shi ne a ɗaure katakon rufi da waya, a binne bakin wayar a cikin bango tun ana gini. Zafin kwano kuwa ana rage shi da shimfiɗa zana ko kara a ƙarƙashinsa. Kazalika tsohuwar ganga, in maƙeri ya tsaga ta ya miƙar, takan ba da ƙyaure mai ƙarfi ko indararo.

Akwai kuma wata dabara da ta yi suna a shekarar 2011, lokacin da aka gina wani gida a Sabon Yelwa kusa da Kaduna da robobin ruwa waɗanda aka ɗura wa yashi aka jera kamar tubali. Ginin yana da ƙarfi, amma ɗaki guda yana cin dubban robobi. A ƙauye kuwa roba tana da kasuwarta wajen masu kunu da zoɓo da manja, ba ta kwana a bola. A ganinmu iyakar abin da za ta yi a wuri irin Lafagu shi ne akurki ko gajeriyar katanga.

5.0 Kayan da Ya Kamata a Ƙi

A nan ne haɗarin yake, domin tsohon kaya yana zuwa da tarihinsa. Tambayar farko da za a yi wa kowace ganga ko jarka ita ce, me ta taɓa ɗauka? A ƙasar noman shinkafa mazuban maganin feshi suna da yawa, a bakin iyaka kuma jarkokin fetur ba su da wuyar samu. Jikin roba yana shan abin da aka zuba masa, wanki ba ya fitar da shi duka. Irin waɗannan ba su dace da tarar ruwan indararo ba, ko ban ruwan kaji da awaki.

Na biyu shi ne falankin asbestos, wanda aka yi rufi da silin da shi a gine-gine masu yawa na shekarun 1960 da 1970. In aka yanka shi ko aka fasa, ƙurarsa tana shiga huhu, cutar da take haddasawa kuma, har da sankara, ba ta bayyana sai bayan shekara 20 ko fiye. Na uku shi ne tsohon batirin mota, saboda dalmar da ke cikinsa. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400, sanadiyyar niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Darasin shi ne, abin da aka shigo da shi tsakar gida, yaro mai rarrafe shi ne farkon mai ɗanɗana shi. Na huɗu shi ne baƙin mai, wanda ake shafa wa katako don gara. In ya zama dole, a nisanta shi da rijiya da rumbu. Daga ƙarshe, katakon da gara ta fara ci ko ƙarfen da ya yi tsatsa kada a rufe bakin shadda da su, don rana ɗaya sukan karye ba tare da sanarwa ba.

6.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa sake morar tsohon kaya daɗaɗɗiyar al'ada ce a ginin Hausa, zamani ƙarin kaya kawai ya kawo, masu amfani da masu cutarwa. Mun kuma ga cewa a ƙasar ruwa irin ta Bagudo, abu mai ƙarfi ƙafar gini da kansa ya kamata ya fara tufatarwa. Shawararmu ga malaman gona da malaman tsabta da ke zagaya ƙauyuka ita ce su sa wannan bayani cikin abin da suke isarwa, musamman bayan kaka, lokacin da ake fara buga tubali. Muna kuma kira ga manazarta da su je ga tsofaffin magina na wannan yanki su rubuta ma'aunin makuba da laso daga bakinsu, da sunayen da Dandawa da Kyangawa da Fulani suke kiran waɗannan abubuwa, tun masu sanin suna raye.