Ɗan Tsako Mai Ɗingishi: Karaya Ce ko Rashin Abinci?

A ƙasar Kafur, kamar sauran yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, da wuya a shiga gida ba a tarar da akurki ba. Bayan kaka, lokacin da tsaki da dusa suka wadata, kaji sukan yi ta ƙyanƙyasa, wasu matasa kuma su sayo 'yan tsakin gidan gona cikin kwali. A nan ne akan ga ɗan tsako guda ya kasa bin 'yan'uwansa, yana jan ƙafa ko yana rarrafe da ƙirji. Galibi sai a ce ya karye, a ƙyale shi. Alhali sau da yawa ba karaya ba ce, kuma ba ciwon ƙafar ne kan kashe shi ba. Ƙishirwa ce da yunwa da tattakewar 'yan'uwa, tun da ba ya iya isa wurin ruwa.

Kafin a taɓa shi, a fara duba sauran. Idan shi kaɗai ne, to a zargi rauni. Idan kuwa da yawa ne suke ɗingishi lokaci guda, to laifin na abinci ne, ko na daɓen da suke takawa, ko na wata cuta. Daga nan sai a ɗauke shi a tafin hannu, a kwatanta ƙafar da ɗaya lafiyayyar. A duba yatsu tukuna, domin zaren buhu ko gashi yakan naɗe yatsa har ya hana jini gudana. Wannan almakashi kawai yake bukata. Sa'an nan a bi ƙashi da yatsu biyu a hankali, ana neman kumburi ko zafi ko wurin da ke motsi alhali ba gaɓa ba ne. Yana da kyau a sani cewa gaɓar da ake kira gwiwar kaza, wadda ke lanƙwasawa baya, daidai take da idon sawun mutum. Gwiwar ainihi tana can sama, ɓoye cikin gashi, kuma tsuntsu a kan yatsunsa yake tafiya.

Matsalar da aka fi gani a kwanakin farko ita ce warewar ƙafafu, watau ƙafa ɗaya ko duka biyu su zame gefe, ɗan tsako ya kasa tattaro su. Ƙashi lafiya lau yake. Abin da ya faru shi ne, an ajiye shi a kan abu mai santsi, kamar jarida ko leda ko cikin roba, a lokacin da tsokarsa ba ta yi ƙwari ba. Rashin daidaiton zafi a injin ƙyanƙyasa ma yakan jawo haka. Maganinsa mai sauƙi ne: a yi masa dabaibayi da siririyar filasta ko zaren ulu mai laushi a sama da yatsu, a bar tazarar da ta yi daidai da tsayuwar lafiyayyen ɗan tsako, wajen santimita 2 zuwa 3. A shimfiɗa masa buhun algarara ko ƙaiƙayin shinkafa, a ware shi wuri mai ɗumi, kimanin digiri 32 zuwa 35 na ma'aunin santigireti a makon farko, musamman cikin hunturu. A sa ruwa a abu maras zurfi don kada ya faɗa ciki. Kullum a kwance dabaibayin a duba, domin ƙafar tana girma. Idan an fara da wuri, cikin 'yan kwanaki yakan miƙe. Idan an yi jinkiri har ƙashi ya ƙwarare a karkace, gyara ya yi wuya.

Karaya ta gaskiya, wadda takun uwa ko na akuya ko faɗowar wani abu ke jawowa, tana zuwa da kumburi, ƙafar kuma tana reto. Idan a ƙwauri take, akan yi ɗori da tsinken ashana da aka cire wa kai, a sa auduga, a naɗe da filasta ba tare da matsewa ba. Yatsu su ne ma'auni: in sun yi sanyi ko sun kumbura, ɗaurin ya yi tsanani. Ƙashin tsuntsu yakan haɗe cikin mako 2 zuwa 3. In ƙashi ya huda fata, ko karayar a cinya take, wannan aikin likitan dabbobi ne.

Akwai kuma ciwon da ba ɗori ke warkar da shi ba. Masara, wadda ita ce abin alfaharin manoman Kafur, tana ba da ƙarfi, amma tana da ƙarancin bitamin B2 da sinadarin manganis. Ɗan tsakon da aka kulle ana ba shi tsakin masara zalla yakan fara naɗe yatsu ciki kamar dunƙulen hannu wajen mako na biyu, yana tafiya a kan gaɓa. Wannan alamar rashin bitamin B2 ce, ya taɓa jijiyar da ke kai saƙo ƙafa. Bitamin na kaji da ake zubawa a ruwa yakan gyara shi idan ba a makara ba. Rashin manganis kuwa yakan sa gaɓa ta kumbura ta baje, har agara ta zame daga gurbinta, ƙafa ta juye waje. Masana uku a Jami'ar Cornell ta Amurka, Wilgus da Norris da Heuser, su ne suka nuna wannan a 1936. Da zarar agarar ta zame ta daɗe, ba ta cika komawa ba, sai dai a ceci sauran ta hanyar gyara abinci. Dusar alkama da ta shinkafa suna da manganis da yawa. Ba banza ba ne 'yan tsakin da ke bin uwarsu kiwo, suna tsattsagar gara da ƙwari da ɗanyen ganye cikin rana, ba su faye kamuwa da waɗannan ba. Hasken rana yana taimaka wa jiki samar da bitamin D, wanda in babu shi ƙashi da baki sukan yi laushi kamar roba.

Abin da ya fi haɗari shi ne shanyewar ƙafa mai zuwa da murɗewar wuya, numfashi da ƙyar da koren zawo. Wannan alamar cutar Newcastle ce, wadda aka fara ganewa a 1926, kuma takan yi ɓarna a ƙauyukan Arewa cikin hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa shi. Cutar Marek, mai sa tsuntsu ya miƙe ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ba ta cika bayyana ba sai bayan makonni, shi ya sa ake yi wa 'yan tsakin gidan gona allurarta ranar ƙyanƙyasa. In an ga irin waɗannan alamu, a ware marasa lafiya nan take, kada a kai ko ɗaya kasuwa, a wanke hannu da takalmi kafin a shiga wani akurki, a kuma nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.